Kaset na Huɗu

Ranar Talata, sha huɗu ga watan Mayu, da misalin ƙarfe goma na safe, ina ɗakin haɗa sauti a gidan rediyonmu ina tace muryarka, sai wayar babbar 'yarka ta shigo. Ta ce, "Yaya, Baba ya rasu." Na ce wane Baban? Ga muryarka tana fita daga lasifika, kana dariya, ita kuma tana ce mini ka faɗi a tsakar gida da tsumman goge begila a hannunka. Daga Allah muke, gare Shi za mu koma. Na faɗa da bakina, amma har yau zuciyata ba ta gama yarda ba. Ranar Litinin fa ka hau benenmu hawa uku ba ka ko tsaya hutawa ba.

Baba Begila, haka kowa ke kiranka. Shekara talatin kana busa a ƙungiyar 'yan badujala, da ka yi ritaya ka karɓi ɗakin ajiyar faifanmu, wanda ka tarar ɓeraye sun mayar da shi gidansu. Ka goge kowane faifai da hannunka. Ranar da na fara aiki na kife shayi a kan wani tsohon faifai, na tsaya tsuru-tsuru ina jiran kora. Ka ɗauka ka wanke, ka ce, "'Yata, wannan makaɗin dama ƙishirwa yake ji." Ba ka taɓa gaya wa kowa ba.

Amma akwai abin da ya tsaya mini a wuya, Baba, kuma shi ya sa na ɗauki alƙalami. Na yi maka laifi ban sani ba, ka tafi ban nemi gafararka ba.

Kai ka kawo shawarar shirin da nake haɗawa ranar nan. Wani kiɗa ne da wani Bafaranshe ya tsara, begila ɗaya tana gaba, taron makaɗa suna amsa mata: kashi na farko da gudu, na tsakiya a hankali, na ƙarshe kamar ana tsere. Ka ce mu jera mabusa biyar da suka busa shi, mu auna su a gaban masu sauraro. Dokarka kuwa ba ta canzawa. Ka kwafe kowanne a kaset marar suna, ka rubuta lamba kawai, sunayen kuma ka rufe a ambulan ka ba Mama, maiɗakinka, ta ajiye, ba a buɗewa sai an gama naɗar hukunci. Kana cewa ido yakan yi wa kunne katsalandan.

Mako uku muka yi a ƙaramin ɗakin nan mai fanka mai ƙara, takardar kiɗan a cinyarka, fensir a bayan kunnenka. Na ɗaya ya yi gudu kamar mai tsoron mota ta bar shi. Na biyu sautinsa fes, amma ka ce ko ɗigon gishiri babu. Na uku ka so yadda yake toshe bakin begilar har ta koma kamar mai raɗa. Na biyar ni na zaɓa, na kuma kafe. Sai na huɗu. Kaset ne mai shuu, makaɗan ba su da yawa, kuma a kashi na tsakiya, inda sauran huɗun suka ja dogon sauti da numfashi guda, shi ya yanke ya ja iska, ana jin ta ƙarara. Ni da bakina ba ya shiru, na yi masa kaca-kaca a gaban makirfo. Na ce wannan bai isa shiga sahun ba, huhunsa bai kai ba, a mayar da shi faretin makaranta. Ka yi dariya, dariyar nan da nake tacewa ranar Talata. Ka ce, "To, uwar kushe, an ji."

Bayan kwana uku da rasuwarka Mama ta kira ni ɗakinta, ta miƙo mini ambulan. Ta ce, "Ya ce ke za ki buɗe." Sunaye huɗu na Turawa ne. A gaban lamba ta huɗu ka rubuta da fensir: "Ni ne. In ta kushe, kada a yanke." Na zauna a ƙasa ban san na zauna ba. Mama ta ce sau ɗaya tak aka taɓa naɗar busarka kai kaɗai, kana ɗan shekara ashirin da takwas, kwana tara da tashinka daga ciwon haƙarƙari, likita ya hana ka, amma ka ƙi ji. Shekara arba'in kaset ɗin yana cikin akwatinta. Ta ce, "So yake ya ji gaskiya daga bakin wanda bai san shi ne ba."

Ka ji ta kuwa, har da ƙari marar amfani. Gyara daban, wulaƙanci daban, kuma na san wanda na yi. Na so in goge maganata, shugaban sashenmu ma ya ce in goge, amma wasiyyarka ta ɗaure ni. Shirin zai fita ranar Asabar yadda yake, da kushena da dariyarka.

Jiya na sake sa kaset na huɗu. Da ya kai wurin, na tsayar, na mayar baya, sau nawa ban ƙirga ba. Iskar nan da na raina, ita kaɗai ce numfashinka da ya rage mana a duniya. Ka yafe mini, Baba.

Allah ya jiƙanka, ya gafarta maka kurakuranka, ya haskaka kabarinka, ya sa Aljanna ce makomarka. Mama, da ƙannena 'ya'yansa huɗu, da jikoki, da tsofaffin abokan busarsa da suka tsaya a bakin kabari hannu babu begila, Allah ya ba ku haƙurin wannan rashi. Mu kuma ya sa mu cika da imani in tamu ta zo. Amin.