Ranar da Kunu Ya Zuba a Riga

Jiya ƙamshin kunun tsamiya ya tuna mini da marigayi Farfesa, maƙwabcinmu a Jekadafari. Ni ban yi boko ba, amma an ce zaman jama'a yake koyarwa. Abin da na gani da idona shi ne sasanta masu faɗa da zama kusa da masu jinyar ƙarshe.

Ana nan, maigidana ya kwanta ciwon ajali, 'ya'yanmu biyu kuwa ba sa magana saboda gona, har an taɓa zare adda. Tsohon yana tsoron ya tafi ya bar su haka. Farfesa ya shigo, bai yi wa kowa wa'azi ba. Ya ce, "Babba, tallabo kan Baba. Ƙarami, riƙe ludayi."

Ƙaramin ya ɗaga ludayin, kunu ya zuba a rigar wansa. Sai tsohon ya buɗe ido ya ce, "Ni ke jin yunwa, kuna ba riga?" Dariya ta ƙwace musu tare.

Bana ma tare suka yi shuka. Allah Ya shayar da Farfesa ruwan Aljanna, Ya haskaka makwancinsa.