Tukunyar irin gidanmu

Shekara ashirin da wani abu na yi ina jan kamiyo, babbar motar siminti, daga Malbaza. Da bayana ya ƙi, na aje makulli. Matata ta rasu, ɗiyana suna Ikko da Agadas, sai waya ranar salla. Na ce bari in koma gona. Gonar babana tana nan can bayan Tajaye, amma iri babu, kuma ba na son na kasuwa. Hatsinmu nake so, gajeren nan mai jure fako, wanda tsoho ya yi ta zaɓen zangarniyarsa har ya bar duniya.

A garinmu akwai kogo cikin dutse, an kewaye bakinsa da ganuwa tun zamanin da mahara ke zuwa bisa raƙuma. Can kakanni ke ɓoye iri, kowane gida da tukunyarsa, a zuba toka, a liƙe baki da laka. Har yau ana yi. Wani dattijo ke tsaron wurin. Gidan da ya watse, shi ke shuka ɗan yanki na irinsu kowace damina, ya sabunta tukunyar don kada irin ya mutu.

Ran da na je, na iske yana zagayawa da baƙi uku daga Tawa, ma'aikatan gona, da takalmansu na buro, irin na zaman ofis. Na bi bayansu. Bai shaida ni ba, ni ma ban faɗi ko ni wane ne ba. Ya nuna mana ramukan da ake harba kibiya, sannan muka duƙa muka shiga. Ciki sanyi, ga warin toka da na jemage, tukwane jere har inda hasken tocila ya tsaya. Yana dafa kowace yana faɗin gidan da ke da ita. Da ya dafa tamu ya ce, "Waɗanga sun ƙare." Ya wuce.

Waje, gindin aduwa, matarsa ta kawo gumba cikin ƙoƙo uku, kowane da irin hatsinsa, ba nono ba komai. Baƙi suka ɗanɗana suna rubutu. Ɗaya ya ce da an sa sukari kaɗan.

"Ku mutanen buro," in ji dattijo, "ko ruwan alwala sai kun nemi sukari."

Suka yi dariya, suka hau motarsu. Ni na tsaya.

"Baba, ni ɗan mai gonar fako na. Irin gidanmu nika so."

Ya daɗe yana dubana. "Wanda ya tahi da mota? Ko wurin jana'izar tsohonka ba mu gan ka ba."

"Ina hanyar Agadas."

"Kowa na hanyar wani wuri. Mutum biyu sun zo kahin kai, kowa ya ce shi ɗan gidan na. Ni ban san takarda ba, baki nika tambaya. Ɗaya cikin ƙoƙo ukun ga naku na. Ɗanɗana."

Na ɗanɗana. Bakin da ya saba da shinkafar tasha da burodi da kofi, duk ukun hatsi kawai ya ji. Na sake. Na rufe ido na tuno gumbar da tsohuwata ke damƙa mana da hantsi, mai zaƙi. Na nuna wadda ta fi zaƙi.

"Wannan na gidan liman na, ɗan fadama," in ji shi. "Naku shi na na tsakiya, mai ɗan ɗaci can ƙarshe. Tsohuwarka da zuma taka rufe muku shi."

Na sake ɗibar na tsakiya na kai baki. Ɗacin yana nan. Ban san shi ba, wallahi ban san shi ba.

Bai yi mini faɗa ba. Ya ce in zo bana mu noma yankin tare, in ci shi wata uku, in sake gwadawa. Na ce to.

Ban koma ba. Nauyi na ji, mutum da furfura ya je a koya masa abincin gidan ubansa. Na sayi iri a kasuwar Konni na shuka, ya yi kyau, na cika ƙaramin rumbu, ni kaɗai nake ci. Tukunyar tana can a liƙe. Dattijon ya tsufa ƙwarai, kuma ban san wanda zai shuka yankinmu bayansa ba.