Masuncin da Ke Bina a Zobe

Allah ya saka wa abokaina na kasuwar Dutsin-Ma da alheri, sun iya ƙarfafa wa mutum gwiwa. Su suka zuga ni na shiga gasar nan mai haɗa iyo da tseren keke da gudu, kuma har yau ko ɗayansu bai taɓa raka ni bakin ruwa ba.

Keke ba matsala, ina zuwa Kurfi in dawo. Gudu ma da sauƙi. Iyo ne bala'in: in na shiga dam ɗin Zobe, dukan ruwa nake kamar ya ci mini amana.

Jiya na yi nisa cikin dam, jijiyar ƙafata ta ɗaure, na fara shan ruwa. Ina cikin salati sai ga gora an wurgo mini. Malam Sale ne, masuncin da kullum nake gani cikin kwalekwalensa kusa da ni.

Da numfashina ya dawo na ce, "Malam Sale, ashe gadina kake yi kullum?"

Ya ce, "Gadi kuma, Alhaji? Wannan dambe da kake yi da ruwa shi ke koro mini kifi cikin raga. Don Allah kada ka mutu, ina da iyali."

Dariya ta sa na sake ƙwarewa. Ya kai ni gaɓa, har da kyautar tarwaɗa biyu.

Ko don kifi ne, shi ya tsamo ni, kuma na gode masa har zuciyata. Yanzu ku ba ni shawara, jama'a: in na iya iyo sosai, wa zai riƙa bina da gora?