Wa Ya Ɗura wa Direban Giya?

A tashar motar Rumphi, Tiyezge mai sayar da ayaba tana kallon wata dattijuwa siririya, sanye da farar rigar zumuntar matan coci. Wani matashin mai wa'azi yana shelar cewa Allah ya ƙaddara ajalin kowa tun kafin halittar duniya. Dattijuwar ta miƙe, ta nuna shi da yatsa.

"Ɗana, Allah ya san komai, ban musa ba. Amma shi ya ɗura wa direban giya? Da ƙafarsa ya je mashaya."

"Mama, ai nufin Ubangiji..."

"Rufe mini baki."

Tiyezge ba ta san ta ba, amma tana jin uwa ce da ta binne ɗanta bayan haɗarin mota, aka yi ta ba ta haƙuri da ƙaddara, direban kuwa yana nan yana ɗaukar fasinja.