Masara ta kusa kashe dillalin masara

Assalamu alaikum. Wata biyar ban ce komai a nan ba. Masu cewa Alhaji ya karye ya ɓuya, ga abin da ya faru.

Daga Sheme har Sabuwa an san ni da masara. Da buhu ɗaya a bayan keke na fara, ba wanda ya ɗora ni.

Abin ya soma da ƙaiƙayi. In na ci tuwo jiki ya yi rudu-rudu, leɓe ya kumbura. Na ce zafi ne.

Wata safiya na sha kokon masara, maƙogwaro ya shaƙe. Aka kwashe ni sai asibiti a Ƙanƙara. Allura, ƙarin ruwa, robar iska a hanci. Ina jin muryar matata Hajiya Rabi, na kasa amsa mata.

Aka tura ni Zariya gwaji. Likitar ta ce, "Alhaji, jikinka ba ya son masara. In ka sake ci, ba lallai a iso da kai ba."

Na yi dariya. Ita ba ta yi ba.

Muka koma dawa da gero. Sati biyu lafiya lau, sai ciwon ya sake kayar da ni a kan tuwon dawa. Kwana uku a gadon asibiti ina tunanin to me kuma ya rage in ci.

Hajiya ce ta bi sawu har wurin mai inji. Ashe masarar maƙwabta ya niƙa kafin dawarmu. Ya ce mata, "Hajiya, ai kowa haka ake mashi, na baya shi ke kwashe ragowar na gaba."

Yanzu a turmi ake daka mani. In na shiga kanti sai na sa tabarau na karanta bayan kowace leda. Turancin da ya fi ƙarfina in ɗauki hoto in tura wa ɗiyata. Mai kanti har tsokanata yake, "Alhaji, jarrabawa za ka rubuta?" Kastad, biskit, dunƙulen miya, da yawansu akwai sitacin masara. Yajin tsire ma sai na tambaya.

In abinci na kumbura maka baki, tafi asibiti, kada ka yi taurin kai irin nawa. Abin da ba a rubuta kayan haɗinsa ba, aje shi. Kuma ka tambayi mai inji me ya niƙa kafin naka.

Alhamdulillahi, na miƙe. Na gode wa likitocin. Hajiya kuwa, Allah ya saka mata. Har yau ba ta taɓa nata tuwon sai ta ga na haɗiye lomar farko na yi numfashi.