Rabe da Irin Gawo

A Dudunni in aka ce Rabe Gawo, ba mai tambayar wane Raben. Laƙabin tsokana ne da fari, shi kuwa ya karɓa hannu bibbiyu, don ba abin da yake ƙauna a duniya kamar itacen nan.

Gonarsa ce sanadi. Shekarar da aka sami mulkin kai aka raba gadon mahaifinsu, yayyensa suka kwashe gonaki masu gawo, shi ƙarami aka bar masa fako, ko inuwar da akuya za ta fake babu. Gawo kuwa ba ya bin jama'a. Da damina, sa'ad da kowane itace ke yin ganye, shi zubar da nasa yake, ganyen ya zama taki, geron gindinsa ya yi zangarniya kamar damtsen ƙato. Da rani sai ya yi kore shar, ya zubo 'ya'ya jajaye masu lanƙwasa, dabbobi su ci su murmure. In Rabe ya kama wannan bayani a dandali har miƙewa yake yi, mutane su riƙa sulalewa ɗaya bayan ɗaya.

Sai ya ɗaura aniyar shukawa. Tsofaffi suka ce ba a shuka gawo, inda ya ga dama yake fitowa. Rabe ya yi kunnen uwar shegu. Ya bi gonaki har Rimaye yana tsintar 'ya'yan, ya ɓare, ya binne ƙwayar, ya kewaye gonar kaf da shingen ƙaya don kada ko tunkiya ta taka. Damina ta zo ta wuce, shiru. In ya tona sai ya tarar da ƙwayar yadda ya sa ta, kamar tsakuwa. Sa'anninsa suka tafi leburanci Kaduna suka dawo da keke da rediyo, shi yana nan yana tara iri a rumbu.

Matarsa Tani ta ce, "Malam, mutane na cika rumbu da hatsi, kai kana cika shi da abincin awaki."

"Ƙyale ni, Tani. Bana sai ya hito."

Akwai wani makiyayi, Bube, da rugarsa ke wajen Kaikai. Duk rani sai ya nemi Rabe ya bar shanunsa su kwana a gonar su zuba masa taki, yadda ake yi da kowa, duk rani Rabe ya ce a kai kasuwa. Shanu su tattake masa iri?

Ana nan aka yi babban farin nan da ya karya garkuna. Gawon ma bai yi 'ya'yan kirki ba. Bube ya zo da shanu ana ƙirga haƙarƙarinsu, ya tsaya bakin shinge.

"Rabe, an ce kana da ɗiyan gawo a rumbu. In ba ka agaza ba, garken nan ba ya ganin damina."

Abin da ke rumbun shi ne wahalar Rabe ta shekaru, kuma ba inda zai samo wani. Ya dubi shanun, ya ji tausayi ya fi ƙarfinsa. Da hannunsa ya janye ƙayar, ya buɗe rumbu. Shanu suka zauna a gonar suna cin irin har ya ƙare ƙaƙaf, Rabe na kallo kamar an yi masa mutuwa.

Ruwa ya sauka, Bube ya kora shanunsa, Rabe ya shuka gero ba walwala. Ranar noman fari ya ɗaga fartanya kan wani busasshen kashin shanu, sai ya ga ɗan tsiro mai ƙananan ganye a tsakiya. Ya durƙusa. Gawo ne. Ya rarrafa gaba, ga wani, can ga wasu uku a haɗe. Ya yar da fartanya ya zuba a guje, hula ta faɗi bai waiwaya ba.

"Tani, ya hito! Wallahi ya hito!"

Gari ya ɗunguma gonar. Nan tsofaffi suka tuna cewa ƙwayar gawo sai ta bi ta cikin dabba take laushi, su da ba su taɓa faɗa ba sai yau. Rabe ya yi ta dariya har da hawaye, wai ashe masu shukar yake kora tun tuni. Noman shekarar a durƙushe ya yi shi, kowane tsiro ya kafa masa kara, wanda ya taka kuwa ya shiga uku.

Gawo ba ya gaggawa. Sai da furfura ta fito wa Rabe kafin itatuwan su yi 'ya'yan fari. Ya tsince su tas, ya cika buhu, ya ɗora a ka, ya nufi Kaikai yana sauri kamar yaro. A rugar ya tarar da Adda, matar Bube, tana wanke ƙore.

"Ina maigidan? Zo ki ga abin da shanunku suka shuka."

Adda ta ajiye ƙwaryar. "Allah ya yi mashi rasuwa da kaka. Duk wanda ya zo daga Dudunni sai maigidan ya tambaye shi ko itatuwan sun haihu."

Rabe ya sauke buhun a hankali, ya kwance bakinsa, ya juye gaban shanun. Suka taso suna ci, shi da Adda na tsaye suna kallo.