Ranar da Kanari Ta Ɗinke Bakin Wando

A layin teloli kowa Kanari yake kiranta, har jikokinta sai sun yi tunani kafin su tuna sunanta na gaskiya. Tun tana budurwa take cikin mawaƙan coci, kuma ita ke ɗaga baitin farko. A shago ma bakin ba ya hutawa, ƙafa na taka keke, murya na yabon Ubangiji. Mai gyaran takalma da ke jikin shagonta, wanda rabonsa da coci tun ranar aurensa, ya haddace rabin waƙoƙin ba da son ransa ba.

Sai ciwon maƙogwaro ya kama ta. Aka yi tiyata, ta tashi lafiya, amma muryar ta tafi. Magana na fita a dishe, waƙa kuwa likita ya ce ta haƙura.

Ranar Lahadin da ta koma sujada, wata yarinya ce ta ɗaga baitin. Kanari ta laluba zuciyarta ko za ta ji daɗin da ta saba ji, ba ta tarar da komai ba sai haushin yarinyar. Wannan ya fi tiyatar tsorata ta. Ashe duk shekarun nan ba Allah take ƙauna ba, muryarta take ƙauna da sannun da ake yi mata a bakin ƙofa? Ta daina zuwa. Fasto ya zo gaisuwa, ta ce jiki ne bai gama warwarewa ba.

Ana nan sai ƙaninta direba ya faɗo shagon, mutumin da ko shi kaɗai ne a mota ba ya rasa abokin hira.

"Yaya, ki rage mini wandon nan, yana share wa gari titi kyauta."

Ta auna, ta yanke, ta hau keke, shi kuma ya kama labarin hanya. Da ta gama ya shiga bayan labule ya gwada. Can sai ga shi ya fito yana tsalle da ƙafa ɗaya, ɗayar ta maƙale a ciki. Ta zagaye kalmasar ba ta tsaya ba, har allura ta haɗa da ɗaya gefen ta ɗinke bakin ruf.

"Yaya, kin koma halinki!" in ji shi, yana dariya har da riƙe ciki. "Tun ina makaranta haka kike mini. In kika ɗauko waƙa ba kya ɗaga ƙafa sai baiti ya ƙare, yadi ya san ta kansa. Yau wacce ce?"

"Wace irin waƙa, ni da ba murya?" ta ce a dishe.

Mai gyaran takalma ya leƙo ta taga. "Ta godiyar nan mana, wadda kike buɗe shago da ita. Tun da kika dawo daga asibiti keken nan bai fasa buga kiɗanta ba, Mama. Ni nake miki amshi da guduma."

Kanari ta saurari kanta. Gaskiya ne. Waƙar na nan tana tafiya a ciki, har ta kai baiti na ƙarshe, kuma ba don wani ya ce mata sannu ba, tunda ita kanta ba ta san tana yi ba. Akwai dai wanda take yi wa. Wani nauyi ya sauka daga ƙirjinta, ta ɗauki reza tana farke ɗinkin, hawaye na zuba, dariya na cin ta.

"Kuka kuma? Wandon ai bai mutu ba," in ji direba.

Ranar Lahadi ta zauna a bencin baya. Yarinyar ta ɗaga waƙar, kuma a faɗi gaskiya, ta iya. Kanari ta rufe ido, ƙafarta na taka siminti a hankali, ba ta ɗaga ba sai da baiti ya ƙare.